Jinyar Kafaɗa Bayan An Sa Ƙarfe, Daga Ranar Sallama Har Hannu Ya Koma Aiki

Ranar da aka sallamo gwaggona daga asibiti, kwana uku bayan an yi mata aiki a kafaɗar dama wadda ta karye sa'ad da santsi ya kwashe ta a makewayi, kusan duk wanda ya shigo dubiya sai ya ce, "Alhamdu lillahi, ai tunda an sa ƙarfe an gama." Ni ma a lokacin haka na ɗauka. Watannin da na yi ina kai ta wurin likitan ƙashi da sashen gashi, wato inda ake motsa gaɓoɓi, ne suka koya mini cewa ƙarfe ba ya haɗa ƙashi. Aikinsa shi ne ya riƙe gutsattsarin a mazauninsu har jiki ya haɗe su da kansa, kuma wannan haɗuwa takan ci makonni 6 zuwa 12, wani lokaci ma fiye ga mai yawan shekaru. A tsawon lokacin nan majinyaci yana tsakanin haɗari biyu. Idan ya yi gaggawar ɗora wa hannun aiki, kusoshin suna iya sassautawa ko ƙashin ya goce. Idan kuwa tsoro ya hana shi motsa hannun sam, kafaɗar za ta sanƙare, a wayi gari ƙashi ya haɗu amma hannu ba ya ɗaguwa.

Abin da zan bi a nan shi ne karayar saman ƙashin damtse, daidai inda yake shiga gurbin kafaɗa, domin tana daga cikin waɗanda aka fi ɗaure wa ƙarfe da kusoshi, ko ga tsohuwar da ta faɗi a tsakar gida ko ga matashin da babur ya kayar. Yawancin bayanin ya shafi wanda aka sa wa ƙarfe a ƙashin wuya shi ma. Makonnin da zan ambata su ne waɗanda aka saba bi, amma likitan da ya buɗe kafaɗar shi ne ya ga taurin ƙashin da irin riƙon da kusoshin suka yi, don haka duk inda maganarsa ta saɓa da lissafin da ke nan, tasa za a ɗauka.

Mataki na farko: kada a bar asibiti ba a san abin da aka yi ba

Saman ƙashin damtse yana da kai mai kama da ƙwallo, da wasu 'yan tudu biyu a gefensa, sannan doguwar sandar da ta gangara zuwa gwiwar hannu. Tun a 1970 wani likitan ƙashi na Amurka, Charles Neer, ya tsara rabe-raben wannan karaya bisa waɗannan sassa huɗu, kuma har yau za a ji likitoci suna cewa ƙashin ya rabu gida biyu, ko uku, ko huɗu. Sanin haka yana da amfani ga mai jinya, domin a kan tudun nan biyu ne jijiyoyin tsokoki huɗun da ke juya kafaɗa suke liƙe. Duk lokacin da majinyaci ya yunƙura ya ɗaga hannu da ƙarfin kansa, tsokokin nan suna jan guntun ƙashin da aka mayar, kamar yadda akuya ke jan turken da aka kafa a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Dalilin hana ɗaga hannu a makonnin farko ke nan, ko da mutum ba ya jin zafi.

Kafin a tattara kaya, mai jinya ya tambayi likita makonni nawa za a yi da maratayin hannu, da ko za a kwana da shi, da irin motsin da aka yarda a fara tun yanzu, da ranar cire zare, da ranar da za a sake ɗaukar hoton ƙashi. Ya kuma roƙi a rubuta masa a takarda irin aikin da aka yi da irin ƙarfen da aka sa, wanda galibi titaniyom ne ko ƙarfen nan da ba ya tsatsa. Mutane da yawa daga nesa suke zuwa Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ko asibitocin koyarwa, sannan su koma garinsu su ci gaba da gashi a can, kuma mai gashin da bai ga takarda ba dole ya yi aiki da kirdado. A ɗauki hoton takardar da na ƙashin a waya, domin takardun asibiti suna da saurin ɓata a gidan da ake ta shige da fice.

Mataki na biyu: zafi, ciwo da barci a makonni biyun farko

Wasu likitocin sukan yi allura a gefen wuya wadda ke kashe hannun gaba ɗaya, kuma aikinta yakan gushe cikin awa 12 zuwa 24, sau da yawa da tsakar dare. Kada a jira sai zafi ya turnuƙe sannan a nemi magani. A sha shi a kan lokacin da aka rubuta tun hannun yana mace. Farasitamol ga baligi mai lafiyar hanta kada ya wuce giram 4 a awa 24, wato ƙwaya takwas mai nauyin miligiram 500, kuma a duba kwalin sauran magungunan domin da yawa na mura da na ciwon jiki suna ɗauke da shi a ciki. Ibuprofen da diclofenac sai da izinin likita, musamman ga mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ko hawan jini. Masu ƙarfi irin su tramadol, idan an rubuta, na kwanaki kaɗan ne. Suna sa jiri da taurin bayan gida, kuma jiki yana saurin sabawa da su. Haɗin ƙwayoyin da masu talla ke ƙullawa a leda kuwa a nisance shi ƙwarai, domin ba a san abin da ke ciki ba.

Sanyi yana rage kumburi. A naɗe ƙanƙara a tawul, ko ledar ruwan sha da ta daskare, a ɗora na minti 15 zuwa 20, sau uku ko huɗu a rana, ba tare da bandejin ya jiƙe ba. Mai cutar sikila kada ya yi wannan, domin sanyi yana iya tayar masa da ciwo. Shi dai ya tabbata likitansa ya san da sikilar tun farko. Gasa wurin da ruwan zafi, wanda shi ne abin da hannun iyayenmu ya fi saurin kaiwa gare shi, bai dace da sabon ɗinki ba: yana ƙara kumburi, kuma fatar da ke kusa da yankan takan mutu na ɗan lokaci, har ta ƙone mutum bai sani ba.

Bandeji ya zauna a bushe kuma a rufe har ranar da aka ce. Ba a shafa wa ɗinki man kaɗanya, ko zuma, ko garin magani, ko man zafi. Zare ko 'yan ƙarafan ɗinki akan cire su tsakanin kwana 10 da 14. Kafin nan wanka na goge jiki ne da tsumma mai tsabta. Hammata tana bukatar kulawa ta musamman, balle a lokacin bazara da gumi ke kwanciya ƙarƙashin hannun da aka rataye: majinyaci ya sunkuya gaba har hannun ya yi reto da kansa ya bar jiki, a goge, a busar sosai, a sa ɗan ƙyallen auduga a wurin. Kwanciyar jini da ke sauya launin fata ta gangaro har gwiwar hannu da gefen ƙirji ba abin tsoro ba ce, nauyi ne ke jawo ta ƙasa, kuma takan washe cikin 'yan makonni. A cire zobe da awarwaro tun kafin yatsu su kumbura.

Barci shi ne abin da ya fi ba mu wahala. Kwanciya rigingine a shimfiɗe tana sa gwiwar hannu ta faɗa baya ta ja kafaɗar, sai mutum ya farka da ihu. Abin da ya yi mana aiki shi ne jingina Gwaggo da matasai uku kamar mai kishingiɗa, da ƙaramin matashi a bayan gwiwar hannun, da wani a gefenta don kada ta mirgina kan ciwon. Makonni da yawa ana iya yi a haka, kuma ba a kwanciya a kan kafaɗar sai likita ya ba da dama.

Mataki na uku: a san alamomin da ba a jiran ranar komawa asibiti

Idan ciwon ya fara fitar da ruwa ko mugunya, ko ya yi wari, ko jan da ke gefensa yana ƙara faɗi, ko zazzaɓi ya kai digiri 38, ko zafin da ya fara lafawa ya dawo yana zogi, a koma asibitin da aka yi aikin a ranar. Kada a tsaya a kemis a sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ƙwayoyin cuta idan suka samu ƙarfe sukan liƙe masa su lulluɓe kansu da wani yauƙi da magani ba ya ratsawa da sauƙi, don haka ƙwayar kwana biyar takan rufe alamar ne kawai, cutar kuma tana ci a ƙasa. Idan an zo da wuri akan iya wanke wurin a bar ƙarfen. Idan an makara, jinya takan koma sabuwa. Haka nan kowane zazzaɓi a wannan lokaci kada a yanke masa hukuncin cizon sauro kafin likita ya duba ɗinkin.

Yatsu su yi sanyi ko fari ko su ƙi motsi, ko hannu ya kumbura ya yi tauri fiye da na jiya, ko mutuwar fata ta riƙa ƙaruwa, duk na gaggawa ne. Akwai wata jijiyar ji da motsi da ta kewaye ƙashin damtse daga sama, kusa da inda ake ɗora ƙarfen, wadda idan ta bugu fatar gefen kafaɗa takan mutu, tsokar da ke ɗaga hannu kuma ta yi rauni. Galibi tana farfaɗowa a hankali, amma wajibi ne likita ya san da ita. Ciwon ƙirji, ko sarƙewar numfashi, ko kumburin ƙwauri ɗaya mai zafi, suna iya nuna gudan jini, kuma ba a kwana da su a gida. Idan majinyaci ya sake faɗuwa, ko ya ji wani ƙas a kafaɗar sannan zafi ya sauya, a rataye hannun a je a ɗauki hoto.

Mataki na huɗu: zama da maratayi a cikin harkokin gida

Akan yi makonni 2 zuwa 6 da maratayi, gwargwadon karayar. Gwiwar hannu ta shige can ƙuryarsa, tafin hannu ya ɗan fi gwiwar tudu, igiyar kuma kada ta ci wuya. Sau uku ko huɗu a rana a zare hannun, damtse yana manne da jiki, a miƙe gwiwar a lanƙwashe, a juya wuyan hannu, a dunƙule yatsu a buɗe. Kafaɗa ce ta karye, amma gwiwar hannun da aka bari a lanƙwashe wata guda ita ma sai ta nemi tata jinyar. Majinyaci ya riƙa tashi yana zagayawa, domin ƙafafunsa lafiya lau suke, kuma tafiya ce ke kare shi daga gudan jini.

Ƙa'idar makonni shida na farko ita ce hannun kada ya ɗauki abin da ya fi kofin shayi, kada ya tura, kada ya ja, kada ya kai baya, kada kuma a dogara da shi. Na ƙarshen nan ne ya fi wuyar kiyayewa a gidajenmu, inda ake zama a tabarma ana tashi da dafa ƙasa. A mako na uku na shigo na tarar Gwaggo ta kafa tafin hannun dama a ƙasa za ta miƙe. Na ce, "Gwaggo, don Allah ki dakata in kama ki ta hagu." Ta ce, "Kai ɗan nan, ai ba na jin komai." Rashin jin zafin nan shi ne tarkon, domin ƙarfen ya hana gutsattsarin gogar juna, sai mutum ya zaci ya warke alhali ƙashin ɗanye ne. Daga ranar muka mayar da zamanta kan kujera mai tudu, kwanciyarta kan gado. Wanda zai taimaka wa majinyaci ya tashi ya kama shi ta ƙugu ko ta hannu mai lafiya, kada ya kuskura ya cusa hannu a hammatar da aka yi wa aiki.

Salla a zaune kan kujera ta fi dacewa a wannan lokaci, tunda sujada da tasowa daga gare ta suna ɗora nauyin jiki a kan tafuka, kuma addini ya yi wa mara lafiya rangwame. Hukuncin shafa a kan bandeji da na wankan wajibi a tambayi malami. Buta a riƙe ta da hannu mai lafiya. Wanda aka yi wa aiki a hagu zai ga tsarki ya yi masa wuya, domin kai hannu baya yana cikin motsin da aka fi hanawa, kuma shi ne yakan dawo a ƙarshe. Ya yi da wanda ya samu, lalura ce. 'Yan dubiya su yi gaisuwa da baki, domin musabahar da ake girgiza hannu da ƙarfi tana kaiwa har kafaɗa, jikoki kuma a hana su faɗawa jiki da gudu.

Kaftani da jallabiya da duk rigar da ake zurawa ta ka sai an ɗaga hannu, saboda haka a ajiye su. A nemi riga mai maɓalli a gaba kuma mai yalwa, a fara zura hannu mai ciwo wajen sawa, a bar shi ƙarshe wajen cirewa. Mu tsofaffin riguna biyu muka kai wa tela ya farke gefen dama ya sa maɓallai. A gyara makewayi a kawar da santsi, a sa fitila a hanya da dare, a daina takalmin da ke zamewa, domin mai hannu ɗaya a rataye ba shi da abin tare faɗuwa. Hawa bayan babur a makonnin nan ganganci ne, ko a mota ma a tallafe gwiwar hannun da matashi saboda ramukan hanya.

Mataki na biyar: gashi da motsa hannu, hawa-hawa

Nan ne jinya take cin nasara ko ta lalace. Hawa na farko shi ne a motsa kafaɗar ba tare da tsokarta ta yi aiki ba. Wanda aka fi farawa da shi shi ne lilo, wanda ake jingina shi ga likitan nan na Boston, Ernest Codman, tun shekarun 1930. Majinyaci ya dafa tebur da hannu mai lafiya, ya sunkuya kamar mai ruku'u, ya saki hannu mai ciwo ya yi reto, sannan ya riƙa karkaɗa gangar jikinsa a hankali har hannun ya riƙa zana ɗan da'ira da kansa. Kuskuren kowa shi ne ya riƙa juya hannun da ƙarfinsa. Mai gashin Gwaggo takan ce mata, "Hajiya, ki sake shi kamar ba naki ba," kuma sai da aka yi kwanaki kafin ta iya sakin. Bayan lilo akwai zame hannu a kan tebur bisa tawul, jiki ne ke matsawa gaba hannun yana bi, da kuma wanda mai gashi ke ɗaga hannun yayin da majinyaci ke kwance. Iyakar inda za a kai, musamman wajen juya hannu waje, likita ne ke yankewa.

Hawa na biyu shi ne hannu mai lafiya ya taimaki mai ciwo. A kwanta rigingine a riƙe sanda da hannu biyu, muciya ma ta isa, mai lafiya ya tura sama mai ciwo ya bi shi. Akwai kuma tattaki da yatsu a jikin bango, ana sa alama da alli a inda aka kai, da igiyar da ake ratayawa a sama ana ja da hannu ɗaya ɗayan yana hawa, kamar jan guga. Alamar allin nan tana da amfani fiye da yadda ake zato, domin ci gaban kwana ɗaya ba ya ganuwa, amma na mako biyu yana nan a bango ga mai shakka.

Wajen mako na 6 akan ɗauki hoto, kuma idan ya nuna ƙashi ya fara kamawa sai a ba da izinin hawa na uku, wato hannun ya ɗaga kansa ba tare da kaya ba: cin abinci, wanke fuska, taje kai, kai hannu kan kantar ajiye kaya. Hawa na huɗu, na ƙarfafa tsoka da roba mai miƙewa da ƙananan nauyi, galibi sai wajen mako na 12 bayan wani hoton ya tabbatar da haɗuwa. A lura cewa hoto ne ke buɗe kowace ƙofa, ba kalanda ba, ba kuma jin daɗin jiki ba.

Gajeren motsi sau uku ko huɗu a rana, kowanne kamar sau goma, ya fi dogon zama ɗaya mai gajiyarwa, kuma zuwa asibiti sau ɗaya ko biyu a mako ba zai wadatar ba idan ba a yi na gida. Jin ja da ɗan ciwon da ke lafawa bayan an huta abu ne da aka saba gani. Zafi mai suka, ko wanda ya kwana ya wuni, yana nufin an wuce gona da iri, sai a rage a kuma sanar da mai gashi. Shan maganin zafi rabin awa kafin a fara yana taimakawa. A kuma tuna wa duk mai gashin da aka je wurinsa cewa akwai ƙarfe a ciki, domin akwai injin da ke ɗumama can cikin tsoka wanda ba a ɗora shi a kan ƙarfe.

A daidai wannan lokaci ne, sa'ad da aka ga wata biyu sun wuce hannu bai kai sama ba, dangi sukan fara kawo shawarar a gwada mai ɗori. Ra'ayina a nan ba shi da kwana: kafaɗar da ke da kusoshi ba a ja, ba a murzawa, ba a ɗaure ta da karare. Mai ɗori ba ya ganin abin da ke ciki, kuma ja ɗaya mai ƙarfi ya isa ya fizge kusa daga ƙashi mai taushi. Jinkirin ɗaguwar hannu a wata na biyu ba alamar aiki ya ɓaci ba ne, haka tafiyar take.

Mataki na shida: abin da ke gina ƙashi da abin da ke hana shi

Ƙarfen da ke jiki yana tsere ne da lokaci. Kowane motsi yana ɗan lanƙwasa shi, kuma kamar wayar da ake ta lanƙwasawa ana miƙewa, idan ƙashi bai haɗu ya karɓi nauyin ba, wata rana ƙarfen zai gaji ya karye ko kusoshin su saki. Saboda haka duk abin da ke jinkirta haɗuwar ƙashi abokin gaba ne, kuma na gaba-gaba shi ne taba: sigari, da shisha, da ta shaƙa, da ta leɓe, domin sinadarin da ke cikinta yana tsuke ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da wurin. Mai ciwon suga ya kula da awonsa sosai, tunda hawansa yana jinkirta warkewa yana kuma buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa.

Abinci ba sai mai tsada ba. Ƙwai, wake, awara, gyaɗa, kifi da nama suna ba da abin gina jiki. Nono da kindirmo, da ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu, da riɗi, da zogale da kuka suna ba da sinadarin kalsiyam, wanda baligi ke bukatar kimanin miligiram 1,000 zuwa 1,200 a rana. Hasken rana a fata yana samar da bitamin D, kuma tsohuwar da ke wuni a ɗaki ta riƙa fitowa hantsi. Romon ƙashi yana da daɗi kuma yana buɗe ciki, amma kada a ɗauka shi kaɗai zai haɗa karaya. Wanda ya haura shekara 50 kuma ƙaramar faɗuwa ce ta karya shi, musamman macen da ta daina al'ada, ya tambayi likita batun zaizayar ƙashi, domin akwai gwajinta akwai maganinta, kuma karayar kafaɗa sau da yawa gargaɗi ce kafin ta ƙugu. Idan azumi ya riski majinyaci a makonnin farko, ya tattauna lokutan shan magani da likitansa.

Mataki na bakwai: komawa aiki, da makomar ƙarfen

Mai aikin zama, kamar rubutu ko tsaron kanti, yana iya komawa cikin 'yan makonni da maratayinsa. Tuƙin mota ba a yin sa da hannu a rataye, kuma galibi sai bayan mako na 6, sa'ad da mutum zai iya murza sitiyari da hannu biyu cikin gaggawa. Daka, da tuƙin tuwo, da jan ruwa a rijiya, da cilla yaro a baya don goyo, da noma, da tuƙa babur, duk suna jiran wata uku zuwa shida da amincewar likita. Jarkar ruwa mai lita 25 nauyinta kilo 25 ne, ko da an saba ɗaukarta tun ƙuruciya. Sauƙi yakan ci gaba da samuwa har shekara guda ko fiye, kuma gaskiya ita ce da yawa, musamman tsofaffi da masu karaya gida uku ko huɗu, hannun ba ya komawa sama tsaf kamar ɗaya, ko da yake yana isar su harkokin yau da kullum. Gwaggo sai a wata na biyar ta ɗaura ɗankwalinta da kanta.

Kada a daina zuwa asibiti don an ji sauƙi. Karayar takan yanke wa kan ƙashin hanyar jini a wasu mutanen, kuma illar hakan tana iya ɓoyewa watanni, har shekara biyu, kafin kan ya fara lotsawa. Idan ya lotsa, bakin kusa yana iya leƙowa cikin gaɓar ya riƙa kartar gurbin. Sabon ciwo mai zurfi, ko gurzar da ba a saba ji ba, ko hannu ya fara ja da baya bayan ya yi gaba, dalili ne na sake ɗaukar hoto.

Shi ƙarfen kansa ba ya tsatsa a jiki, kuma ba ya jawo tsawa kamar yadda ake faɗa. Wasu sukan ji ɗan tsami a wurin lokacin hunturu, rigar sanyi ta wadatar. Na'urar bincike a filin jirgi tana iya yin ƙara, don haka mai niyyar Umara ko Hajji ya tafi da takardar likita. Irin ƙarafan da ake sawa yanzu galibi ba sa hana shiga na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ta MRI, amma a faɗa wa ma'aikatan kafin a shiga. Yawanci akan bar ƙarfen har ƙarshen rayuwa. Akan cire shi ne idan yana gogar ƙashin da ya yi wa kafaɗa rumfa sa'ad da aka ɗaga hannu, ko kusa ta leƙa gaɓa, ko ƙwayoyin cuta sun kama shi, ko yana tokarar fata kamar yadda na ƙashin wuya kan yi wa marasa jiki. In ba larura ta gaggawa ba, likitoci sukan jira a ƙalla shekara guda. Cirewar ita ma tiyata ce mai allurar barci da ɗinki, kuma ramukan da kusoshin suka bari sukan raunana ƙashin na wasu makonni, saboda haka bayanta ma akwai wa'adin da likita zai yanke na barin ɗaukar kaya mai nauyi da hawa babur.